Gidan yari a hannun kamfani: abin da ya faru a Mangaung, da inda ya shafe mu a Zamfara

A watan Maris na 2023, saura wata biyu da 'yan kai Buhari ya sauka, ya sa hannu kan wasu gyare-gyaren kundin tsarin mulki, cikinsu har da wanda ya cire harkar gidajen yari daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke taɓawa, ya maida ita cikin waɗanda jihohi ma ke da hurumi a kai. Ma'ana yanzu jiha irin Zamfara ko Kebbi in ta ga dama za ta iya yin dokarta, ta gina gidan yarinta, ta riƙe abinta. Hankalin mutane duk ya tafi kan na wutar lantarki da na jirgin ƙasa da aka sa ma hannu tare da shi, wannan kam ya wuce salin alin. Amma tun lokacin akwai wata magana da nake yawan ji a majalisu nan Gusau, musamman a bakin samarinmu da suka ɗan yi boko, wai tunda gwamnati ta nuna ba za ta iya ba to a ba kamfani mana, shi ya gina shi ya gudanar, gwamnati ta riƙa biyan shi, kowa ya huta da cunkoso da gabza da labarin an fasa gidan yari. Kuma gaskiya ba maganar da za ka yi ma dariya ba ce, duk wanda ya taɓa kai ziyara gidan kaso a ƙasar nan ya san abin da zai sa mutum ya ce a gwada koma mene ne.

Mu a Najeriya ba mu da gidan yarin da kamfani ke riƙe da shi, don haka in ana son a ga yadda abin yake a aikace sai an leƙa waje. Ba sai an je Amurka ba inda harkar ta bunƙasa tun shekarun 1980, ko Ingila da ta buɗe nata na farko a 1992. Nan Afirka ta Kudu an yi guda biyu, Mangaung a Bloemfontein da Kutama Sinthumule a lardin Limpopo, na farkon ne zan tsaya a kai don shi ne labarinsa ya fito fili ciki da bai.

An buɗe Mangaung a 2001. Lokacin Afirka ta Kudu ba ta daɗe da fitowa daga mulkin wariyar launin fata ba, laifuka sun yi yawa, kotuna na ta yanke dogayen hukunci, gidajen yarin gwamnati sun cika sun batse, kuɗin gina sababbi kuma babu. Sai aka ƙulla yarjejeniya ta shekara 25 da wani gungun kamfanoni mai suna Bloemfontein Correctional Contracts, su su nemo kuɗi su gina su gudanar, gwamnati ta riƙa biyan su a hankali, in wa'adi ya cika gini ya dawo hannun gwamnati. Wanda aka damƙa ma riƙon makullai na kullum shi ne G4S, kamfanin tsaron nan na Ingila wanda Allied Universal ta Amurka ta saye a 2021. Gidan na maza ne zalla, manya, waɗanda aka riga aka yanke ma hukunci mai nauyi, kisa, fashi, fyaɗe, da yawansu ɗaurin rai da rai. Gado 2,928 ne a ciki. Ku riƙe wannan adadin don kusan rabin labarin a kansa yake.

Yadda ake biya shi ne gwamnati na ba da kuɗi kullum a kan kowane gado da kamfani ya tanada, sannan akwai jerin laifuka da in kamfanin ya yi za a ci shi tara a zaftare daga kuɗinsa, irin su fursuna ya tsere ko a kasa samar da wani abu da aka yi alkawari a takarda. A ido dai tsari ne mai kyau, ka yi aiki a biya ka, ka yi sake a yanke maka.

Cikin gidan kuwa in ka kwatanta da abin da muka sani, wallahi sai ka ce ba gidan yari ba. An raba shi rukuni shida, kowane rukuni an kuma raba shi layi-layi, su suna ce ma kowane layi titi, ɗakunan kuma na mutum biyu ne ko huɗu, kowa da gadonsa, ba irin ɗakin nan namu da za a jera mutane a ƙasa kai da ƙafa har sai an yi shawara kafin a juya ba. Kwangila ta hana a bar fursuna ya wuni a kulle, akwai jadawalin yini tun daga buɗe ƙofa da safe har rufewa, wannan ya tafi aji, wancan ya tafi wurin koyon sana'a, wani kicin, wani wurin wanki, wani filin ƙwallo. Karatun ya kama tun daga yaƙi da jahilci har zuwa jarabawar gama sakandare, wanda ya wuce nan yana iya yin rajistar karatu daga nesa da wata makaranta ta waje. Sana'o'i akwai kafinta, ɗinki, aikin fata, lambu, kwamfuta. Akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a da likitocin halayyar ɗan Adam masu zama da su rukuni-rukuni, a koya ma mai zafin zuciya yadda zai danne fushi, a zauna da masu laifin fyaɗe daban, a yi aiki da 'yan ƙwaya, ga asibiti a ciki, ga malaman addini na shigowa. Kowane fursuna da fayil ɗinsa na abin da ake son ya cim ma kafin a fara duba maganar sakinsa.

Wani abu da masu cewa a ba kamfani ba su cika sani ba shi ne dokar gidajen yarin Afirka ta Kudu ta 1998 ba ta sakar ma kamfani komai ba. Kamfani ba shi da ikon yanke ma fursuna horo, ba shi da hannu a lissafin shekarun da suka rage masa, ba shi ke zaɓen wanda za a kawo masa ko wanda za a saki ba, ba shi ke ba da sakin talala ba. Duk wannan na gwamnati ne. Don haka aka ajiye wani jami'in gwamnati a cikin gidan, kwanturola, ofishinsa na nan ciki, aikinsa kawai ya sa ido ya ga ana bin kwangila da doka ya kai rahoto sama. Bayan shi kuma akwai wata hukuma mai zaman kanta da alƙali ke shugabanta wadda ke zagaya duk gidajen yarin ƙasar tana sauraren koken fursunoni. Sannan doka ta ce in abu ya rikice gwamnati na da ikon shigowa ta karɓe gidan na ɗan lokaci. Kai in ka karanta tsarin nan za ka ce an toshe kowace kafa.

Shekarun farko Mangaung ya zama abin nuna ma baƙi. To amma me ya sa ya yi kyau haka? Ni a ganina babban dalilin ba wayon kamfani ba ne, adadin nan ne na 2,928. Kwangila ta ce ba za a wuce shi ba, kuma ba a wucewa. In gado ya cika shikenan an rufe ƙofa, sauran sai a san inda za a kai su, kuma inda ake kai su shi ne gidajen gwamnati waɗanda ba su da bakin cewa a'a, ciki har da Grootvlei wanda ke maƙwabtaka da Mangaung ɗin, katanga kusa da katanga. Gidajen gwamnatin ƙasar sun daɗe suna ɗauke da mutane fiye da ƙarfinsu nesa ba kusa ba. To ka ba mutum sabon gini, ka ƙayyade masa yawan mutane, ka biya shi a kan kari, ka kuma hana a kawo masa ko mutum ɗaya mai jiran shari'a, sannan ka zo kana gwada shi da wanda ake jibga ma kowa da kowa, ai ba a yi gwaji ba. Kuma kuɗin da gidajen biyu ke ci ya yi ma gwamnati nauyi har ta kai a 2011 ta soke shirin da take da shi na ƙara wasu guda huɗu a irin wannan tsarin.

A 2013 ne abu ya fara fashewa. Dama gidajen yarin Afirka ta Kudu na da wata tsohuwar masifa ta ƙungiyoyin daba na cikin kurkuku, 'yan 26 da 'yan 27 da 'yan 28, kowace da dokokinta da muƙamanta, kuma sukar gandiroba da wuƙa na cikin hanyoyin da mutum ke samun girma a wasunsu. A shekarar aka yi ta sukar ma'aikata ana garkuwa da su a Mangaung, ma'aikatan suka ce ba su da kariya kuma sun yi kaɗan, suka tafi yajin aiki, kamfani ya ce yajin ba ya kan ƙa'ida ya kori sama da 300 a tashi ɗaya. Ka duba fa, gidan da ke ɗauke da kusan mutum dubu uku masu manyan laifuka, a wayi gari an sallami ɗaruruwan waɗanda suka san shi, a cike gurbinsu da waɗanda ba su da horon wannan aikin. Ba a jima ba fursunoni suka kama wata ma'aikaciya suka riƙe ta sa'o'i masu yawa kafin a ceto ta. A watan Oktoba gwamnati ta ce kamfanin ya rasa iko da gidan, ta yi amfani da wancan sashen na doka ta shigo ta karɓe.

Akwai wani kawuna tsohon gandiroba, ya yi aiki gidaje da dama a tsohuwar jihar Sakkwato kafin ya yi ritaya, da na ba shi wannan labarin na ce Kawu kai ya ka ga wannan kora, sai ya girgiza kai ya ce, "Kai yaro, gidan kaso ba gini ka riƙon shi ba, mutane na. Wanda ya daɗe cikin yadi tun da sahe ya san ranar da za a yi tashin hankali, ga yadda sunka yi shiru wurin amsar koko. Baƙo ina zai gane wanga?" Ya ce a zamaninsu sabon ma'aikaci sai ya yi wata da watanni yana bin bayan tsoho kafin a bar shi shi kaɗai da makulli. Kamfani kuwa a littafinsa albashin ma'aikata shi ne kashe kuɗi mafi girma, in ana son riba ta ƙaru nan ido ke fara zuwa.

A daidai wannan lokacin ne kuma wata 'yar jarida mai aiki da wata cibiyar bincike ta jami'ar Wits mai suna Wits Justice Project, Ruth Hopkins, ta fito da binciken da ta daɗe tana yi, BBC ma ta ɗauka. Fursunoni da tsofaffin ma'aikata suka ba da labarin wata runduna ta musamman ta cikin gidan, masu baƙaƙen kaya da ake ce ma ninja, waɗanda aka yi zargin suna kai mutum inda babu kyamara su jiƙa shi da ruwa su jona masa garkuwa mai wutar lantarki. Aka yi zargin ana danne fursunoni a yi musu allurar masu taɓin hankali da ƙarfi ko da lafiyarsu lau, don dai su yi laushi, har bidiyo ya fita. Aka kuma yi zargin ana ajiye wasu a ɗakin kaɗaici na tsawon lokacin da ya wuce hankali, wasu har shekaru, alhali ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka sa ma sunan Mandela a 2015 sun ɗauki duk abin da ya haura kwana 15 a jere a matsayin abin da aka haramta. G4S ta musanta azabtarwa. Abin lura a nan shi ne duk wannan zargin ya taso ne a gidan da kwanturolan gwamnati ke zaune a ciki kullum. Bayan kamar wata goma, a 2014, gwamnati ta maida ma kamfanin makullansa aka ci gaba kamar ba a yi ba.

Sai maganar Thabo Bester, wadda ita ce ta kwance ma kowa zani a kasuwa. Wannan mutumin an yanke masa ɗaurin rai da rai a 2012 kan kisa, ga kuma hukuncin fyaɗe, jaridun ƙasar suna kiran shi mai fyaɗen Facebook don ta nan yake yaudarar mata da alkawarin aikin talla. Aka kai shi Mangaung. Da yake ya yi rajistar karatu sai aka ba shi izinin riƙe laftof, wato dai ɗaya daga cikin tsare-tsaren gyaran halin da ake alfahari da su. Abin da ya yi da ita sai ka riƙe baki. A 2018 aka yi wani ƙasaitaccen biki a Sandton, unguwar masu kuɗi ta Johannesburg, na ƙaddamar da wani kamfanin yaɗa labarai, manyan mutane sun cika zaure, sai ga shugaban kamfanin a babban allo cikin kwat, sunansa wai Tom Motsepe, wai yana New York ne shi ya sa bai samu zuwa ba, har waƙar murnar ranar haihuwa aka yi masa. Bester ne, kuma daga cikin Mangaung yake magana. Mutum na ɗaurin rai da rai ya sa kwat ya yi jawabi kai tsaye ga taro daga gidan da ake cewa tsaronsa ya kai ƙololuwa, a ce ba wanda ya gani? Haba.

Ranar 3 ga Mayun 2022 da asuba wuta ta tashi a ɗaki mai lamba 35, a ɓangaren kaɗaici da ake ce ma Broadway, inda aka maida shi kwana kaɗan kafin nan. Aka samu gawa a ƙone ƙurmus, aka sanar cewa Bester ya kashe kansa. Amma binciken likita ya nuna mamacin bugu ne a kai ya kashe shi, kuma ya riga ya mutu kafin wutar don babu alamar ya shaƙi hayaƙi, gwajin ƙwayar halitta ma bai dace da na Bester ba. Gawar wani matashi ce daban, wanda iyalinsa suka yi ta nema ba su san inda ya shiga ba, sai kusan shekara guda bayan nan aka tabbatar musu. Wato an shigo da gawa daga waje har cikin ɗakin kaɗaici, an cinna mata wuta, mai ɗakin ya fice, kyamarorin tsaro kuma a daidai lokacin ba su ɗauki abin da ya kamata su ɗauka ba. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma daga baya an kama wasu ma'aikatan gidan an gurfanar da su.

Ni abin da ya fi tsaya mani ba tserewar ba ce, don fursuna na tserewa ko'ina, mu da aka fasa mana Kuje a Yulin 2022 ɗaruruwa suka fice, ruwan sama ya rusa katangar Suleja a 2024, ambaliya ta buɗe na Maiduguri a shekarar, ba mu da bakin yi ma wani gori. Abin da ya tsaya mani shi ne shirun. Wata goma cur jama'ar ƙasar, har da matan da ya yi ma fyaɗe, suna zaune da sanin ya mutu, shi kuwa yana hayar katafaren gida a Johannesburg yana shiga kanti sayayya har wani ya ɗauki hotonsa. Kamfani ya tsaya kai da fata cewa Bester ne ya mutu a wutar. 'Yan sanda da hukumar gidajen yari suna da sakamakon likita a hannu sun yi gum. Sai da wata ƙaramar kafar labarai, GroundUp, ta yi ta tono, sannan a ƙarshen Maris na 2023 hukuma ta fito ta amsa cewa eh ya tsere. Alƙalin da ke shugabantar hukumar sa ido a lokacin, Edwin Cameron, da bakinsa ya faɗa ma majalisa cewa shi ya tsegunta ma 'yan jaridar bayanai don ya ga hukumomi na jan ƙafa. Ka ji fa, mai sa ido na hukuma sai da ya bi ta bayan gida kafin a saurare shi. A watan Afrilu aka kama Bester a Arusha ta Tanzaniya tare da wata likita da ake tuhuma da taimaka masa, aka dawo da su.

To a nan ne tsarin tarar nan da ya yi kyau a takarda ke juyewa. In kowane kuskure da ka kai rahoto kuɗi ne za a cire maka, kuma kai ne ke riƙe da littafin rahoton da kyamarorin da ma'aikatan da suka ga abin, to an ba ka dalilin yin shiru. Kamar ɗan kwangilar hanya ne a ce shi zai riƙa ƙirga ramukan da suka fito a kanta yana kawo lissafi a yanke masa. Ba ina cewa don gudun tara aka ɓoye maganar Bester ba, shari'a na gaban kotu, ina magana ne kan yadda aka gina tsarin. Duk nauyinsa ya rataya ne a wuyan kwanturola guda da 'yan mataimakansa, waɗanda ke shiga ƙofa ɗaya da ma'aikatan kamfani kullum, su gaisa su ci abinci wuri ɗaya shekara da shekaru. Bayan asiri ya tonu an dakatar da jami'an gwamnatin da ke wannan aikin. A Mayun 2023 gwamnati ta ba da sanarwar za ta soke kwangilar, kamfanonin suka ƙalubalanta, aka shiga ja-in-ja, alhali wa'adin asali ma ƙarshen Yunin 2026 ne. Shiga kwangilar shekara 25 da sauƙi, fita ce aiki. A Ingila ma G4S ɗin ce aka karɓe ma gidan yarin Birmingham a 2018 bayan abubuwa sun lalace, Isra'ila kuwa kotun ƙolinta tun 2009 ta ce sam ba za a damƙa ma ɗan kasuwa ikon tsare ɗan Adam ba.

Yanzu mu dawo gida. Masu cewa a ba kamfani sun manta cewa akwai ɓangaren gidan yarinmu da ya daɗe a hannun 'yan kasuwa, wato abinci. 'Yan kwangila ke kawo shi. A Disambar 2023 shugaban hukumar gidajen yarin Najeriya na lokacin, Haliru Nababa, ya faɗa ma kwamitin majalisar dattawa cewa naira 750 ake ware ma fursuna a rana, karnukan hukumar kuwa 800. Daga baya an ɗaga na fursunan zuwa 1,125. Cikin wannan ne ɗan kwangila zai cire ribarsa, a cire haraji, ya jira biyan da ba ya zuwa a kan kari, abin da ya saura shi ne gabzar da ke isa kwanon fursuna. In ana son a san yadda za mu iya sa ido kan kamfanin da ke riƙe da gida sukutum, a fara duba yadda muke sa ido kan mai kawo wake da garin masara.

Na taɓa raka wata maƙwabciyarmu ziyara wani gidan yari a yankin nan, ba sai na faɗi wanne ba. Ɗanta aka tsare kan rigimar babur. Ka ajiye waya a bakin get a ba ka ɗan kati, ka bi layi da kularka a hannu, in an zo kanka gandiroba ya buɗe ya sa cokali ya tsaga tuwon gida huɗu ya juya miyar har ƙasa, sannan ya ce Hajiya bismillah, sai ta ɗanɗana a gabansa kafin a karɓa. Mintuna kaɗan aka ba su ta bayan ragar waya, hayaniya ko'ina kowa na ɗaga murya. Yaron bai tambayi lauya ba, bai ma tambayi ranar komawa kotu ba don ya gaji da tambaya, cewa ya yi Inna in za ki dawo ki taho da sabulu da omo da maganin ƙazuwa, da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Na tambaye shi ko ana koya musu wani abu, ya ce akwai kekunan ɗinki da wurin kafinta amma na waɗanda aka yanke ma hukunci ne, su 'yan awetin, wato masu jiran shari'a, sai zama. Dokar 2019 da ta canza ma hukumar suna zuwa ta gyaran hali ta yi maganar karatu da sana'a, kuma ana yi a wasu wurare, har jami'ar karatu daga gida ta NOUN na da cibiyoyi a wasu gidajen, amma wanda ba a san ranar fitarsa ba ta ina za a tsara masa kwas?

Kuma irin wannan yaron su ne mafi yawa. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke. Wani fayil ɗinsa na jiran shawarar ma'aikatar shari'a, wani ɗan sandan da ya yi binciken an canza masa wurin aiki, wani ranar zaman kotu babu man da za a zuba ma mota, wani an ba da belinsa amma sharaɗin ya fi ƙarfin danginsa kaf. Ga kuma waɗanda tara ce kawai ta riƙe su, a ƙarshen 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya tara naira miliyan 585 daga masu hannu da shuni aka fitar da mutum 4,068, ka raba ka ga ɗan abin da ke ajiye mutum a kurkuku. Mangaung ko mutum ɗaya irin waɗannan bai taɓa ɗauka ba, ba don su aka yi shi ba. In yau Zamfara ta kira kamfani ta ce a yi mata irinsa, kamfanin zai ce a ba shi masu dogon hukunci, adadi kaza, a biya shi kaza kan kowane gado na shekara ashirin da wani abu ko an samu canjin gwamna ko ba a samu ba, 'yan awetin kuma su ci gaba da zama inda suke. In kuwa aka ce a'a har su za a ba shi, to an samar da wanda abincinsa ya dogara da gado ya kasance a cike, a jihar da talaka ba shi da lauya. Kar a manta kafin 1968 gidajen yarin Arewa da yawa a hannun En'e suke, kuma koken yadda ake amfani da su kan 'yan adawa na cikin abin da ya sa aka haɗe su ƙarƙashin tarayya. Tambayar wa ke riƙe da makulli, wa kuma ke iya tuhumarsa, ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Wani abin mamakin ma, ƙayyade adadin nan da ya sa Mangaung ya yi fice yana nan cikin dokarmu, ba sai an kira kamfani ba. Sashe na 12 na dokar 2019 ya ce in gida ya wuce ƙarfinsa, kwanturolan jiha ya sanar da babban jojin jiha da antoni janar da sauran hukumomin da abin ya shafa cikin mako guda, su kuma an ba su wata uku su ɗauki mataki, sannan ya ba shi ikon ƙin karɓar sababbin mutane in gida ya cika. Na tambayi wani da ke cikin aikin yanzu ko ya taɓa ganin an maido da mota daga bakin get saboda wannan sashen, sai ya yi dariya ya ce, Malam alƙali ya sa hannu ɗan sanda ya kawo su da yamma, in mun ƙi amsa ina za a kai su?